Baƙar Buta

Bokitinmu ya tsage ran Laraba,
shekara bakwai yana ɗiban ruwa a Bolari.
Na ɗaga hannu zan cilla shi kwalbati,
Adda Dija ta ce, "Ajiye!
Kwalbatin nan ya ƙoshi,
bara da damina a ɗakinmu ya yi amai."

Ɗan jari-bola ya ɗora shi a sikeli
da silifa wari guda,
ya ba mu kuɗin gishiri.

Yau a Tsohuwar Kasuwa na ɗauki buta,
baƙa wuluk, da ɗigon shuɗi a wuya.
Na juya ta, na ƙara juyawa.
Bokitinmu fa shuɗi ne.

Ban nemi ragi ba.
Wa ke cinikin ɗan gida in ya dawo?