Asabar Uku a Rigachikun

Kamu uku ne, fiffike zuwa fiffike.
Na zare tiyoyinsa, na rataye shi a rufin shago
tun ruwan farko.
Da damina ta ɗauke na sauko da shi, na goge, na mayar da komai,
na ɗaure a bayan babur, ni da Uwani 'yar ƙanena,
mai shekara tara da tambaya dubu,
muka nufi filin Rigachikun, bayan gonar dawa.

Na ɗura mai, na maƙala batir a kan fulogi,
na kaɗa farfela da guntun sanda.
Ya yi tari. Ya sake tari. Ya kama,
ƙara siririya, ta sauron da aka ɓata wa rai.
Na ɗaga hancinsa sama in gwada shi:
ɗif.
Sai kukan kurciya can a kan ɗorawa.

Shekara talatin ina gyaran janareta a Kawo,
injin da ya fi ni nauyi ya sha durƙusa mini.
Wannan ko dunƙulen hannuna bai kai ba,
ga shi yana ci mini fuska gaban yarinya
da wani makiyayi da ya bar shanunsa
ya dogara sanda yana murmusawa.

Na zargi fulogi. Na kwance, na ba shi wuta,
zarensa ya yi ja kamar garwashin mai tsire.
Ba shi da laifi. Na canja shi duk da haka, don zuciya ta kwanta.
Na koma kan allurar mai,
ƙas, ƙas, ƙas, ina ƙirga da kunne.
In na buɗe, ya shaƙe, ya tofa mini mai a riga,
in na tsuke, ya ɗau zafi har yatsa ya yi nadama.
Muka tattara, rana tana faɗuwa.

Asabar ta biyu Bulus ya zo daga Kakuri
da tabarau da gwangwanin sukudireba.
Ya shinshina galan ya ce man ya kwana, ya sha raɓa.
Muka zubar, muka zuba sabo, kuɗin cefanen kwana huɗu.
Muka baje kafireta a kan farin hankici,
sukurori kamar ƙwayar gero,
ɗaya ya faɗa ciyawa,
dattawa biyu muna rarrafe har la'asar.
Ya tashi, muryarsa tas. Na ɗaga hanci:
ɗif.
Bulus ya ce, "Kai shi Panteka a auna a kilo."
Ya yi dariya, ni na kasa tayawa.

Daren nan na tsoma tanki a bokiti ina hura tiyo,
ina jiran kumfa ta tona asirin huda. Ko ɗaya.
Mai ɗakina ta leƙo ta ce tuwo ya gaji da jira,
miya tana daskarewa.

Asabar ta uku na zare tiyon salansa, don na rasa abin zarewa.
Uwani na tsugune, ta ce,
"Baba, wa ya liƙe wannan ɗan hancin da laka?"
Na ce matsa, ba wurin wasa ba ne.
Sannan na duba.
'Yar ƙofar da ke tura iska cikin tanki,
don mai ya hau ko jirgi ya miƙe tsaye,
zanzaro ya yi mata yaɓe, sumul, aikin gwani.
Duk damina yana gini a kaina
ina can ina gyaran injinan unguwa.

Tsinken tsintsiya ɗaya.
Na kaɗa, ya kama, na ɗaga hanci, bai ko tari ba.
Ya ruga a kan burji, ya bar ƙasa,
ya haye ɗorawa, shanu suka ɗaga kai.
Uwani ta ja mini riga:
"To shi zanzaron, ina zai kwana?"
Ban da amsa.
Idona na sama, hannuna na rawa.