Mun Ce Ya Tafi Arewa

Mun ce wa unguwa Baldomero ya tafi arewa,
can inda ake haƙar jan ƙarfe a hamada.
Inna ce ta ɗinka ƙaryar,
ni na sa mata maɓalli,
muka rataye ta a bakin ƙofa kamar labule.

Alhali yana ɗakin baya,
wata huɗu, fuska ga bango.
Tagarsa na kallon tekun Valparaíso, shi ba ya kallo.
Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya
yana tuƙa akwatin ƙarfen da ke hawa tudu da jama'a,
ya san kukan kowace igiya,
ya san tarin kowane fasinja,
yau cokali ya fi ƙarfin hannunsa.

Bara da Inna ta zame ta karya ƙugu,
Fresia ta kawo romon kifi a tukunyarta mai kunne ɗaya,
mai burodi ya yafe bashi,
limamin coci ya hawo matakala ɗari da tara yana haki.
Karaya tana da hoto,
a ɗaga shi a haske, kowa ya ce wayyo.
Wannan fa?
Wa zai ɗauki hoton dutsen da ya zauna wa yayana a ƙirji?

"Kada a ji," in ji Inna.
"In an ji, wa zai sake shiga akwatinsa?
Za su ce taɓin hankali, su ce gado ne,
su tono kakanku Eleuterio
da ya shiga teku da takalmansa."
Ni da aka ce wa kwalekwale ne ya kife da shi.
Ashe ƙaryar gidanmu ta girme ni.

Wani dare na kai masa shayi, ya yi magana:
"Ximena, ba baƙin ciki ba ne.
Baƙin ciki ai wani abu ne.
Wannan kamar wuta ta ɗauke,
akwati ya tsaya a tsakiyar tudu,
ba sama, ba ƙasa,
ina jin ku kuna hira can nesa."

Sai ga Fresia ran Asabar da safar ulu a hannu,
wai sanyin hamada da dare ba ya da imani,
in ba ta adireshi.
Na dubi safar. Ta saƙa har da harafin sunansa.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na ce, "Yana ciki. Bai je ko'ina ba."

Ta juya ba sallama.
Na ce shi ke nan, na ƙone gidanmu da bakina.

Washegari tukunya mai kunne ɗaya ta ƙwanƙwasa ƙofa.
Bayan romo, ta buɗe jakarta,
ta ajiye ƙwayoyi farare a tebur gaban Inna.
"Shekara tara ina sha.
Na ce wa kowa na hawan jini ne.
Likitar tana zama ran Talata. Zan raka shi."
Inna ta daɗe tana goge teburin da ba shi da datti.

Ba zan ce komai ya daidaita ba.
Mai burodi yanzu yana miƙo canji ba ya ɗaga ido.
A wurin aiki sun ce in ya dawo
tikiti zai riƙa sayarwa, ba tuƙi ba.
Maganin farko ya sa shi jiri, aka sauya.

Amma ran Talata ya yi aski.
Ya sa safar ulu cikin zafin Janairu,
ya sauka matakala da rana tsaka, idon kowa a kansa,
Fresia a dama, ni a hagu.
A ta sittin da biyu ya tsaya, ya kasa kunne.
Can gefe akwati yana hawa da wani matuƙi.
Ya ce, "Igiyar nan tana son mai."
Muka ci gaba da sauka.