Saura Sha Ɗaya

A Jidda, can Sharafiyya, yaron banki ya tare ni:
karɓi kati, kashe dubu uku cikin kwana casa'in,
riyal ɗari biyar naka ne, tukuici.
Na sa hannu.

Na sayo wa Inna Talatu na'urar sanyi,
zafin Yuli ya hana ta runtsawa.
Taya huɗu, buhun shinkafa, takalmin Sagir.
Sau uku na yi lissafi a bayan rasit.

Yau na buga waya.
Danna ɗaya. Danna huɗu. Dakata.
Shayina ya huce, ladan ya kira la'asar,
sannan wata murya mai laushi ta ce:
takalmin da ka mayar ya rage jimla,
da sauran riyal sha ɗaya ka cika.

Sha ɗaya!
Kuɗin shawarma da ruwa.
Baiwar Allah, matse yaron ya yi.
Laifina ne ƙafa ta girma?

Ta ba ni lambar ƙorafi
doguwa kamar titin Madina.
Na rubuta a jikin kwalin na'urar.

Inna na ta minshari cikin sanyin bashi.
Gobe ma zan kira.