Sabuwar A-Kori-Kura a Kwangila

Ranar Talata aka sauke ta daga tirela,
nan gefen gadar Kwangila,
fara sol, ko ledar kujeru ba a ɓare ba.
Ni ne dillali. Aka miƙo mini makulli
da takarda mai doguwar lamba
wadda sai da na karanta sau biyu
kafin na yarda ba santsin biro ba ne.

Ba ta kai manyan ba, ta girmi ƙananan,
kamar ɗan tsakiya a gida
wanda kowa ke aike.
Ƙirji a sama, tayoyi masu haƙora,
huɗun duk suna ja in laka ta riƙe.
Sun ce ba ta san kwazazzabo ba,
sun ce rafi wurinta wankin ƙafa ne.
Masu faɗin haka ba su bi hanyar Yakawada
cikin Agusta ba.

Tanimu mai masara ya zo daga Giwa,
ya auna bayanta kamu-kamu,
ya ce buhu goma, in an danne sha biyu.
Na faɗi kuɗi.
Ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar,
ya ce, "Bari in gama kokawa da taki."

Wani malami daga Samaru ya shiga,
ya kunna sanyi, ya latsa allon gaba,
ya tambayi lita nawa take sha zuwa Kaduna.
Na ba shi rabin gaskiya,
ya lissafa sauran da kansa.

Barau makanike ya ɗaga bonet,
ya daɗe bai ce komai ba.
"Wannan ba ta jin sifana, sai kwamfuta.
In ta mutu a bayan Soba, wa zai tashe ta?
Tsohuwar Baljiyam, da waya da igiyar roba
sai ta kai ka gida."

Ga abin da ke hana ni barci:
mai kuɗinta kwalta ce har ƙofar gidansa,
in ya saya, don ya leƙa kan mutane ne a cunkoso.
Mai buƙatarta yana can kan babur,
buhu biyu a baya, ɗaya a tanki,
ƙafa na laluben ƙasa.
Dala kuma kullum da sabon tsani.

Jiya da la'asar Lantana mai tattasai ta zo,
su huɗu, da littafin adashi a jaka.
Ba ta dubi fenti ba, ba ta taɓa rediyo ba.
Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi,
ta ce, "Kwando nawa ke ruɓe mana a fadama
duk ranar da direba ya ƙi shiga?"
Ɗaya ta buɗe littafi, ɗaya ta lanƙwasa yatsu.
Suka yi ƙus-ƙus, suka yi shiru.

"Rabi bayan kaka, rabi bayan rani.
Ka gaya wa mai ita."

Ban san me mai ita zai ce ba.
Da safe yaro ya zo da bokiti zai wanke ta,
na ga shatin takalmin Lantana
inda ta shuri tayar baya,
jar ƙasa, 'yar kaɗan.
Na ce masa ya bar wajen.