Ɗigo Ɗaya a Idon Kaza

A ƙauyenmu na bakin Limpopo
ba ma ƙirga kaji sai zafi ya wuce.
Wa ke ƙirga abin aro?
Cutar ba ta sallama:
da asuba zakara ya ƙi cara,
da hantsi wuya ya murɗe, fiffike ya zube,
kafin faɗuwar rana akurki ya zama maƙabarta.
Kakata ta jiƙa musu toka da barkono,
uwata ta jiƙa,
ni ma na jiƙa, na binne sha bakwai a gindin yazawa.

Sai ga Anabela daga Maputo,
takalminta duk taɓo,
ta tsuguna tana yi wa mushen kaza tambayoyin
da ba mu taɓa yi masa ba.
Muka rufe baki da zane:
duk wannan karatu, a ƙare a bakin akurki!
Shekara uku tana zuwa tana komawa.
Rigakafin farko rana ta kashe shi a hanya,
nan ba firji, ba lantarki.
Ta yi kuka a cikin mota. Na gani.

Na ƙarshen, kwalbarsa ba ta kai ɗan yatsa ba.
A jiƙaƙƙen tsumma nake naɗe ta,
in sa a kwando, in bi gida-gida kafin raɓa ta bushe.
Riƙe ta, Tsakani. Buɗe idon.
Ɗigo ɗaya.
Kaza ta ƙifta, ta haɗiye, ta zabura tana masifa.
Tsoho Hlengani ya ce maita ce, ya rufe ƙofa.
Bana shi ya fara aiko jikansa.

Ba wanda ya zama attajiri, kada in yi ƙarya.
Amma ƙwai ya daina jiran baƙo.
Kaji biyar sun zama akuya,
akuya ta yi tagwaye,
ɗaya ya hau ɗaki ya zama kwanon rufi,
ɗaya ya biya kuɗin jarrabawar Nyeleti.
Ranar da autana ya kwana da zazzaɓi
ban tsaya ƙofar kowa ina murza hannu ba,
na kama zakara, na tari motar Shokwe.

Jiya Nyeleti ta ce likitan dabbobi za ta zama.
Na ce to. Na miƙa mata kwandon.

Yanzu nakan ƙirga su da yamma, da ƙarfi,
maƙwabta na ji:
talatin da ɗaya, talatin da biyu,
har da gurguwar nan mai satar masara.