Shafi na Arba'in da Bakwai

Fayil ɗin ya iso ofishinmu a Gusau ranar Talata,
kaurinsa ya kai tubali, an ɗaure shi da jan zare.
Kamfani na neman izinin ƙara rami,
mita ɗari huɗu gabas, can ƙarƙashin ƙasa,
inda jijiyar zinari ta karkata ta gudu.

Doka ta ce a auna ruwa, sun auna.
Ta ce a ƙirga itatuwa:
ɗorawa goma sha tara, kanya shida,
da kuka ɗaya da suka rubuta wai ta tsufa.
Ta ce a faɗi inda za a zubar da garin dutse,
da ta inda iska za ta sami mai haƙa a ƙasa,
da kuɗin ajiya na cike rami ran da arziki ya ƙare.
Ta ce a liƙa sanarwa kwana ashirin da ɗaya.
Sun liƙa, da Turanci, a sakateriyar Maru,
a jikin allon da ko masinja ba ya kallo.

Shafi na arba'in da bakwai taswira ce.
Layin ramin ja ne, miƙaƙƙe kamar yankan wuƙa,
samansa fari fat.
An rubuta: fili, ba kowa.

Gani ya kori ji.
Na zuba mai a babur da kuɗin aljihuna.

A tsakiyar ba kowa na tarar da Nomau yana jan guga,
tsoho mai ƙafa ɗaya gajera,
igiyarsa ƙulli uku, kowane sabo.
Ya ce, "Bara gaba tara nika ja.
Bana sha biyu, ɗiyana, kuma ruwan ga
shina da ɗanɗanon tsohon kwabo."
Ya nuna mini bangon rumbu da ya tsage,
tsagar ta ci yatsuna biyu.
Da dare, in ji shi, in suka fasa dutse a ƙasa,
kwanukan Tsahara kan yi magana su kaɗai.

Tsahara ba ta ce mini komai ba.
Ta wanke kwalbar lemo, ta cika ta daga guga,
ta toshe da totuwar masara,
ta sa mini a jaka kamar mai ba da tsaraba.

A hanya na haɗu da ɗansu Sahabi
ya fito daga aikin dare, fitila a goshi,
fari tas da ƙura kamar wanda ya kwana a buhun gari.
Ya ce, "Yallaɓai, a sa hannu mana.
In ba a ƙara ramin ba, mu arba'in za a sallama."
Ya yi gaskiya. Uban ma ya yi gaskiya.
Tukunya guda suke ci.

Yanzu ƙarfe huɗu saura.
Darakta ya kira sau biyu, ban ɗauka ba.
Fanka na juya zafi daga kusurwa zuwa kusurwa.
Hatimi na dama, kwalbar Tsahara na hagu,
ruwanta ya kwanta,
wani abu toka-toka ya taru a gindi
wanda babu shi a shafi ɗari uku.

Ban isa in hana ba, aikina duba ne.
Gobe ana iya ba wani tebur ɗin nan,
mai saurin hannu.
Amma yau biron nawa ne.

Na buɗe shafin taswira,
na ɗiga ɗigo a kan farin,
na ja kibiya zuwa gefe, na rubuta:
Akwai rijiya a nan, gaba goma sha biyu.
Akwai rumbu, akwai gida sha ɗaya.
A koma a auna, a kira su da Hausa.

Na ɗaure jan zaren.
Kwalbar na bar ta a inda take,
mai shara ya tambaya ko ya zubar,
na ce a'a, tana cikin fayil.