Buhun Iska

Ni mai awo ne a Tudun Hatsi,
shekara ashirin da tara ina aza buhu a kan sikeli.
Da hannu nake gane masarar da ta sha raɓa,
amma hajar da Bappayo ya kawo bana
ban taɓa auna irinta ba.

Ɗan ƙanwata ne. Ya gama karatu a Kashere,
ya dawo Gombe da kwamfuta da abokai biyu.
Wai sun ƙera kwabon kirifto, sunansa Zangarniya,
kowane ɗaya madadin mudun dawa a rumbu.
Na ce, "Ina rumbun?"
Ya ce, "Kawu, a tara kuɗin tukuna."
An yanka ragon suna ke nan,
uwa ko ciki ba ta ɗauka ba.

Suka buga takarda, shafi arba'in da Turanci,
da hoton sito mai rufin ƙarfe.
Na ƙura ido, sai ga ƙanƙara fara fat a bayansa.
Ko a tsakiyar hunturu, tun daga Kumo har Bajoga,
ba mu taɓa ganin irinta ba.

Goggo Dudu ta sayar da tumaki uku.
Wani Ardo daga Deba ya zuba kuɗin taki.
Masu acaɓa, 'yan tireda, har malamin firamare,
kowa ya ji an ce zai ninka kafin Sallah,
babu wanda ya tambayi me zai ninka shi.
Tururuwa ta bi ta gaba,
ta gaban ma ba ta san hanya ba.

Miliyan goma sha ɗaya cikin mako shida.
Aka kama ofis a Jekadafari,
janareta, labule, kujera mai juyi,
aka biya wani yaro mai mabiya a waya
ya yi ta ihu safe da yamma.
Mai haɗa manhajar yana can Legas,
ya karɓi rabin lada, ya kashe layi.
Duk wannan hidima
ko tiya ɗaya ba a saya ba.

Na ce ku gwada shi a nan kasuwa.
Suka je wa Alhaji Manu dillali,
ya saurara har suka gama,
ya ce, "In na loda tirela zuwa Aba
direbana man fetur zai sha ko lambobi?
Ni da abokin cinikina kalma ta ishe mu,
kun kawo magani, ciwon ne ba mu da shi."
Suka fito suna cewa
tsoho bai waye ba.

Ranar da aka buɗe ciniki
farashi ya hau tun la'asar kamar bishiyar gwanda.
Ashe rabin kwabban suna aljihun Gidado.
Cikin dare ya juye su gaba ɗaya,
Tukur ya gani, shi ma ya bi sahu.
Kafin kiran assalatu
ƙaiƙayi ya fi Zangarniya daraja,
mai sayarwa dubu,
mai saye ko ɗaya bai leƙo ba.

Ba yarjejeniya a rubuce, ba shaida, ba rajista,
abota ce kawai ta ɗakin kwanan makaranta.
Wa za a kai ƙara, da wace takarda?

Bappayo bai gudu ba, wannan zan faɗa.
Yanzu shi ke riƙe mini littafin awo,
yana ɗinke bakin buhu da basilla.
Duk Juma'a Goggo Dudu takan zo,
ya ƙirga mata dubu biyu daga ladansa.
Jiya ta miƙo mini wayarta,
Zangarniya dubu arba'in na nan reras a fuskar gilashi.
Ta ce, "Malam mai awo, auna mini mudu ɗaya a ciki."
Na dubi sikeli, na dubi yaron,
shi kuwa bai ɗago kai ba.